Hutun dogon zango da yara a kan ruwa: wa ya taɓa gwadawa?

Maman Biyu, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. An ba yara hutu, maigida kuma ya tashi da sabuwar shawara: wai bana ba zuwa Kano gaishe da dangi, jirgin ruwa za mu shiga mu sha iska. Ni dai gabana faɗuwa yake. Jiya da muka hau gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello na leƙa ƙasa, na ga kogin Kaduna ya kawo, jawur da shi. Don Allah wanda ya taɓa yi da iyali ya ba mu labari.

Ɗan Kabala:
Wa alaikumus salam Hajiya. A bakin kogin nan na tashi, mahaifina fito yake yi kafin ƙarfinsa ya ƙare. Abin da mutanen gari ba su lura da shi ba, hutun namu yana faɗowa daidai da marka ne. Kogin Kaduna daga tuddan Jos ya taso, saboda haka za ki ga rana ƙwal a nan, ba ko ɗigon ruwa, amma an kwana ana tafkawa can sama. Kafin la'asar ruwan ya iso, da itatuwa da kututture a cikinsa. Baba kan soka kara a bakin gaɓa da asuba. In ya dawo da hantsi ya tarar ruwa ya shanye karan, ranar ko nawa za ki ba shi ba zai ɗauki yaro ba.

Malama daga Kawo:
Mu mun yi, shekaru biyu da suka wuce, amma Lokoja muka je, inda Neja da Binuwai suka haɗu. Gaskiya wurin ya cancanci wahalar hanya. Daga cikin jirgi kana ganin launin ruwan biyu, kowane da nasa, suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraye. Babbar 'yata har yau tana labarin.

Sai dai ga abin da ya same mu. Mun nemi rigar kariya, wadda ke hana nutsewa, mai jirgin ya zaro guda huɗu daga ƙarƙashin benci, duk na manya. Autana ɗan shekara biyar muka saka masa, ta zo masa har gwiwa, na ɗaga shi ta kafaɗar rigar don in gwada, sai yaro ya zame ya bar min ita a hannu. Muka yi dariya a lokacin. Da muka kai tsakiya injin ya yi tari sau biyu ya mutu, dariya ta ɗauke. Mutumin yana ta fizgar igiya, yaronsa yana kwarfe ruwa da gwangwanin fenti, ruwa kuma yana ta jan mu gefe. Ba mu fi minti goma a haka ba, amma na karanta duk addu'ar da na iya, hannuna ɗaya riƙe da kwalar auta. Abin haushin, a garin ne hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa take da hedikwata. Anti, in za ku je ku sayi rigar yara daidai jikinsu tun daga gida.

Baban Khalifa:
Ƙarin bayani a kan na Malama: ku fita da safe. Hadari a wannan lokaci da yamma ya fi haɗuwa, iskar da ke zuwa gabansa ita ce matsalar, ba ruwan saman ba. Kuma ku ɗauki shatar jirgin ku kaɗai. In kuka shiga na haya ranar kasuwa, da buhunan masara da babura za a haɗa ku.

Goggo ta Tudun Wada:
Ni ban ga abin sha'awa ba, 'yata. Kin manta hatsarin jirgin ruwa na Patigi a 2023? 'Yan biki ne suna dawowa cikin dare, sama da mutum 100 suka rasu. Ku kai su Gamji Gate, wurin shaƙatawan nan na bakin kogi, su hau gadar Lugard da ke ciki, su kalli kogin daga nesa, a saya musu gasasshiyar masara, a dawo gida lafiya.

Ɗan Kabala:
Goggo, a yi min afuwa, wancan lodi ne ya yi yawa, ga tafiyar dare. Ruwan ba shi ne abin gudu ba. Hajiya, in maigida zai iya haƙuri zuwa hutun Disamba, lokacin ruwa ya ja ya kwanta, yashi ya fito, masunta ma suna da tarwaɗa. Kainuwa kawai za ku riƙa turewa.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. Na nuna masa maganar kara da ta gwangwanin fenti, ya yi shiru, can ya ce to Disamba. Asabar ɗin nan Gamji za mu je, Goggo ta ci nasara. Malama, rigar yaran a ina kika samu daga baya? Na zagaya Kasuwar Gumi ban gani ba.