Tallafin sola ko gyaran layin wuta, wanne ya fi mana?

Maman Ikram, Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa, firiza biyu gare ni. A Oktoban 2024, da aka lalata layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, mun haura mako ko ƙyaftawar wuta ba mu gani ba. Bayan kwana uku na buɗe firiza, ledoji duk sun koma ruwa, naman da maƙwabciyata ta ba ni ajiya har ya soma ɗoyi. Kunyar mayar mata da shi ta fi asarar ciwo. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 yake zaure yana shan ƙura. To ni na ce, kuɗin da gwamnati ke zubawa a tallafin wutar da ba ma gani, me zai hana a rage mana kuɗin fanel da batir da shi? Ko na yi kuskure?

Mai walda, Panteka:
Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Amma sola ta ku ce masu firiza. Injin waldata batir nawa zai ɗauke shi? Mu layi muke so ya tsaya. Tashar wuta ta Kudenda a nan Kaduna mai megawat 215 tun muna yaran shago ake cewa ta kusa, yanzu ni ke da yaran shago.

Injiniya, Kawo:
Ranki ya daɗe, tallafin akwai shi. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin sola a ƙarshen 2023, hukumar samar da wuta a karkara (REA) ke riƙe da shirin, sai dai ƙarfinsa yana wajen ƙananan tashoshin sola na ƙauyuka da kasuwanni, ba wai a miƙo miki fanel a hannu ba. Ga abin da nake tsoro: a Afrilun 2024 an kai wa 'yan Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa ashirin a rana, kuɗin yunit naira 225, masu hali da yawa suka koma sola. Idan masu biya da tsoka suka watse, da kuɗin wa za a canza taransifomar unguwarku? Kuma duhun Oktoban nan ba ƙarancin wuta ba ne, hanya ce ta yanke. Madatsar Shiroro na nan da ruwanta, layin da ke taho mana ta Makurɗi da Jos shi ma ya faɗi, shi ke nan.

In za ki saka, ki sani batir ne ke cin kuɗi, ba fanel ba. Lokacin hunturu kuma kullum sai an goge ƙura, a Agusta hadari ya rage miki caji.

Maman Ikram:
Goge ƙura ba komai, yara na nan. Malam mai walda, gaskiyarka ce, ban tuna da ku ba. Injiniya, in na haƙura da batir, firiza ɗaya ta yi ta aiki da rana kawai, ƙanƙarar za ta kai asuba in ban buɗe ba?