Likitan haƙori ne, ko kujera yake hange?

Alhaji Sani: Salamu alaikum jama'a. Maganar da na yi jiya bayan Isha'i ina nan a kanta. Likitan haƙorin garin nan siyasa yake nema. Yau yana taron ƙungiyar ci gaban gari, gobe gyaran rijiyar burtsatse, jibi sulhun manoma da makiyaya. Ran Talata na kai uwargida, haƙori ya hana ta barci kwana uku, anka ce ya tafi makarantar allo. Sai bayan Azahar ya dawo.

Malama Hadiza: Allah ya ba Hajiya lafiya, Alhaji. Amma ka tambayi abin da ya kai shi? Makarantar tana bayan gidanmu, a gabana anka yi. Ya jera yara, da 'yar tocilarsa, yana leƙa bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ga wata 'yar shekara biyar, dasashi na jini, baki na wari, kunci ya soma kumbura. Uwar ta ce iska ce, har an yi mata hayaƙi. Nan take ya rubuta musu takarda zuwa Asibitin Noma da ke cikin Sakkwato, inda ake jinyar cutar Noma mai cin baki da fuska.

Nasiru: Baba Alhaji, a yi mini afuwa in sa baki. Cutar Noma daga dasashi take somawa, ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda. In an gan ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai kyau sun isa. In an bari, cikin 'yan makonni ta cinye kunci da leɓe, kuma kusan tara cikin goma ba sa tsira. Tun 1999 asibitin nan ke aiki, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta shigo a 2014, sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin waɗanda aka yi sakaci da su. Irin waɗannan yara ba a kawo su wurin likita da wuri, shi ke bin su.

Alhaji Sani: Na ji ta makaranta, ɗana. To rijiya fa? Haƙori ne a cikinta?

Kawu Bello: Haba Alhaji! Kai da ni mun ga zamanin da ake kama kan mutum a kasuwa, a zare mishi haƙori da filaya, ya kurkure da ruwan gishiri ya tafi. Me ya sa yanzu wanzamai ke turo wa likitan nan mutane? Don sun gan shi a suna, sun gan shi a jana'iza, sun ci tuwo kwano ɗaya. Da a ofis ya kulle kansa, ko aswaki ya ce a yi ba mai saurare.

Umar Direba: Ni dai rabin maganar Alhaji gaskiya ce. Shi kaɗai gare mu. In ya fita, mai ciwo sai ya biya kuɗin mota har UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ya tsai da ranakun fita, a liƙa a ƙofa, kowa ya sani.

Malama Hadiza: Wannan kam na yarda, Malam Umar. Kawu ya kai mishi saƙon.

Alhaji Sani: A kai. Hajiya dai an cire mata, tana ta yaba sauƙin hannunsa. Amma ni sai na ga lokacin zaɓe ya wuce ba fostarsa a bangon kasuwa.

Kawu Bello: In ka gan ta, ni zan fara dangwala mishi.