"Taron tsintsiya ba shara": har haruffan Turanci ma ta shafa?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare aka kwashi 'yan kallo a gidan yayana, wai duk a kan kalma ɗaya. An yi wa ɗansa shifta a makaranta, aka ce su rubuta queue, kalmar Turanci mai nufin layin jira, yaro ya dangwala q guda ɗaya ya ajiye biro. Aka ba shi sifiri. Da Yaya ya ga littafin sai ya ce yaron ne da gaskiya, an jera harafi biyar, ɗaya ke aiki huɗu na zaune, wannan ai taron tsintsiya ne ba shara. Matarsa, ita ma malamar makaranta ce, ta ce ya daina ɓata karin magana, mutane ake yi wa ita ba haruffa ba, kuma ai shiru ma magana ce. Kafin ka ce kwabo zance ya bar Turanci ya koma kan danginsa da suka cika gida ranar suna babu wadda ta ɗauke ko tsinke. Ni dai tambayata, Yaya ya sa karin maganar a muhallinta ko kuwa?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Matar yayanka ta fi shi hujja. Waɗannan huɗun suna da aiki, su ne ke raba queue da cue a takarda, tunda a baki duk ɗaya ne. Kuma a bi a hankali da zagin haruffan da ba a furtawa. Wannan k ɗin na knife da knee da knight, da can Turawa suna faɗinsa raɗam, sai wajen ƙarni na 17 bakinsu ya yar da shi, rubutu kuma ya ƙi sakinsa. Haka gh na night, daga maƙogwaro ake fito da shi a da. Sun yi shararsu sun gama, 'yan fansho ne.

Bazazzagi:
Malam, ban yarda da cewa mutane kaɗai ake yi wa ita ba. Duk inda aka samu yawa babu amfani ta shiga. Abin da ya fi damuna ma ba masu shirun ba ne, wannan ough ɗin ne. Tough, though, through, cough, bough, thought. Haruffa huɗu ba su canja ba, furuci shida. Nan fa ana shara, sai dai kowa na tura dattin ƙofar ɗan'uwansa.

Ɗan Maraɗi:
Ku 'yan Najeriya kuna da sauƙin kuka. Ita queue ɗin ma tamu ce aka ara, Faransanci ce, wutsiya take nufi. Mu nan ruwa eau ake rubuta shi, a ce "o". Harafi uku, kuma babu o ɗin a cikinsu. Tsuntsaye oiseaux, harafi bakwai, a ce "wazo". Ku gode wa Allah da Ingilishi ya raba ku da mu.

Jikar Mai Ƙuli:
Kun tuna mini da kakarmu, Allah ya jiƙanta. Bari in ba ku labarin nan ko da zai yi tsawo.

Inna tana tuyar ƙuli da sayar da man gyaɗa, kuma ba ta iya hana bashi. Rabin unguwa na cin kayanta sai an sayar da amfanin gona. Lissafin duk a kanta yake, har aka zo shekarar 1976 da aka kwashi yara aka zuba a furamare, kawunmu na ciki. Da ya kai aji biyar sai ya ga ya zama bature, ya sayo littafi ya ce daga yau shi ne akawunta. Ya ja layi da rula, ya rubuta DEBT da manyan baƙi a saman shafi.

Inna ta ce ya karanta mata. Ya ce "det". Ta ce a'a, ta ga baƙi huɗu, ya kira mata sunan kowanne. Ya ce di, i, bi, ti. Ta ce to ina bi ɗin ya shiga da ka zo faɗa? Ya ce shi ba ya magana, haka malam ya ce. Ta ce kuma kalmar me take nufi? Ya ce bashi.

Sai ta ajiye matsamin tuya ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce ashe Nasara ma ya san halin duniya. Ga bashi, ga mai bi a tsakiyarsa, an hana shi buɗe baki. Ta ce wannan bi ɗin ni ce.

Da ma akwai wanda ya fi kowa ci mata tuwo a ƙwarya, kuma surukinta ne, mijin 'yarta ta fari. Kwalba bakwai ta mai yana kansa, ko sunansa ba ta iya faɗa balle ta yi masa maganar kuɗi. Sai ta ba Kawu gawayi ta ce bayan isha ya je ya zana mata bi ɗin nan a jikin zauren mutumin, babba, kada ya ce da kowa komai. Gari ya waye, bawan Allah ya fito ya ga wani zane mai ciki biyu a bangonsa. Ya kankare, washegari ya dawo. Ya kira wani malami ya duba, malam ya ce wannan ba hatimin da ya sani ba ne. A kwana na uku ɗansa ɗan aji biyu ya ce ai Baba bi ne. Ya yi shiru ya yi shiru, ya ce wa ke bina? Kafin azahar kuɗin kwalba bakwai ya iso gidanmu a ƙulle cikin tsumma, har da goro.

Daga nan abin ya zama sara. Duk wanda ya wayi gari da bi a zaurensa ya san saƙon, ba faɗa ba tsegumi. Har ta rasu, in aka ce wane ya yi shiru a taro sai ta ce ku bincika, ko dai ana binsa ko shi ke bi.

Uwar Biyu:
Wayyo cikina! Allah ya kai rahama kabarin Inna. Yaya, don Allah gawayin nan ya rage? Ina da masu adashi uku.

Tsohon Hedimasta:
Amin. Abin dariyar, wannan b ɗin ba a taɓa furta shi ba ko a Ingila. Dette suke rubutawa, yadda suka karɓo daga Faransa, sai wasu masana suka cusa b don a ga dangantakarta da debitum ta Latin. Haka aka cusa s a island bisa zaton 'yar'uwar isle ce, alhali babu haɗi. H ɗin ghost kuwa masana na jingina shi ga ma'aikatan da William Caxton ya zo da su daga yankin Filandas, a Beljiyam ta yau, shi ne ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476. To waɗannan kam na yarda, ba su taɓa shara ba.

Direban Tasha:
Wato ta taga aka shigo da su. Mun san irinsu. Namu na mazaɓa shekara huɗu yana Abuja, ko tari ba a taɓa jin ya yi a zauren ba, amma ranar rabon motoci yana sahun gaba. Ku duba Honourable ma, harafin farko na darajar tasa ba a jinsa.

Bazazzagi:
Campaign akwai g mai shiru, receipt akwai p mai shiru. A wajen namu kuwa rasit ɗin ne gaba ɗaya ya yi shiru.

Uwar Biyu:
Ku dai yi a hankali, tunda aka ambaci tsintsiya na san inda za ku. Yanzu masu lema su fito su ce da su ake.

Direban Tasha:
Hajiya ai duk kanwar ja ce. Mu da muke kwana a layin mai mu ne ueue ɗin, muna bayan q muna jira ba mu da ta cewa.

Gardi:
Ku koma kan tambaya. Duk wanda ya yi allo ya san akwai baƙin da ake rubutawa ba a karantawa, kamar alif ɗin da ke bayan wawun jam'i, kuma ba a ce ba shi da amfani. Sannan ni a wajen malaminmu na ji karin maganar a wa'azi, a kan masu cika masallaci ranar Juma'a su fita su koma tauye mudu. Ita ba yawa take zargi ba, rashin maɗauri take zargi. Tsinke dubu in ba a ɗaure ba ai ba ya shara.

Bazazzagi:
Alaramma, wannan wata ce daban ka jawo, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ita wannan a ɗaure suke, hannun da zai ɗauka ne babu.

'Yar Boko:
Mu ma fa kada mu cika baki. Su suna rubuta abin da ba sa faɗa, mu muna faɗin abin da ba ma rubutawa. Rubuta gari, wa ya san birni kake nufi ko na tuwo? Fari, launi ne ko rashin ruwa? Kuma duk inda muka ga baƙaƙe sun cunkushe sai mun raba faɗa, shi ya sa muke da sukurudireba da burodi. A ba Bahaushe strengths, harafi tara wasali ɗaya, ko Knightsbridge mai baƙi shida a jere, a ga yadda zai fito da su.

Ɗan Maraɗi:
Colonel kuma kuka ce kanar, kun bi kunne kun bar ido. Wannan kun kyauta.

Direban Tasha:
Ni duk ilimina na wannan harka a wasan Sikirabul, na haɗa kalmomi da haruffa, na samo shi. Bookkeeper tagwaye uku a jere, vacuum u biyu, skiing i biyu, aardvark a biyu, wai dabgi ne duk wannan wahalar. Kuma yaron can da ya rubuta q ya san abin da yake yi, harafin nan maki goma ne da shi a wasan. Ɗan Najeriya ne fa, Wellington Jighere, ya ciwo kofin duniya na wasan a Ostireliya a 2015.

Uwar Biyu:
To q ɗin in babu u a hannunka ya kake yi da shi?

Direban Tasha:
Qi. An yarda da ita, a duba.

Bazazzagi:
Ƙarya ne, a tasha kawai ake yarda da wannan. Kawo allonka ranar Asabar, wanda aka cinye ya sayi tsire.