Makuwa muna da ita, to kishiyarta fa?

Jama'a, aikin fassara ya kawo ni kan abin da Turawa ke kira "spatial navigation", wato yadda ƙwaƙwalwa ke gane inda mutum yake da inda zai nufa. Na ga masu fassara manhaja suna sa "kewayawa". Ban yarda ba. Kewayawa ai zagaye ne, wanda ya ɓata ma kewayawa yake yi.

Rubutun da nake fassarawa a kan larurar Williams ne, wadda likitan zuciya J.C.P. Williams na New Zealand ya bayyana a 1961. Ana haihuwar mutum da ita idan wani ɗan yanki na kuromosom na 7 (ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da gadon halitta a jiki) ya ɓace, da ƙwayoyin gado kusan 26. Masu ita akwai son mutane, akwai zaƙin baki, amma fasalin wuri yana ba su wuya ƙwarai.

Wata malama ta ba ni "sanin hanya". Malama, na gode, na kuma kwana ina juya kalmar, sai dai ga inda ta gaza. A 2010 Barbara Landau ta jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinta sun sa masu larurar a ɗaki mai tsawo, bango huɗu duk baƙaƙe. Aka ɓoye abu a kusurwa ɗaya suna kallo, aka rufe musu ido aka jujjuya su. Wanda ba shi da larurar yakan auna dogon bango da gajere, ya nufi kusurwar ko wadda ke kallonta ta ƙetare. Su kuwa kusurwa huɗun suka dinga laluba ba zaɓi. Da aka mai da bango ɗaya shuɗi, da yawansu suka fi dacewa.

Kun ga a ɗakin nan babu wata hanya da za a sani. Abu biyu ne: bin alama, irin "in ka ga tsamiya ka yi dama", da kuma riƙe fasalin wuri a ka.

Ni dai na tsaya a kan "gane alƙibla". Wani ya ce ta yi kusa da sallah. Haka ne, amma ai mun daɗe muna cewa wane ya rasa alƙibla ba a masallaci ba. A ƙarƙashinta sai a sa "bin alama" da "auna fasali". In ta kuɓuce kuwa, kalmar kaka da kakanni tana nan: makuwa.

Mutanen Zinder da Maraɗi, ku ma haka kuke cewa, ko ɗimuwa ta fi zama a bakinku?