Wane suna za mu ba wutsiyar autumn da Hausa?

1/ Masu fassara da 'yan jarida sun daɗe suna kiran autumn na Turawa, wato lokacin da ke tsakanin zafi da sanyi a ƙasashensu, da kaka, kuma ban zo rushe wannan ba. Tambayata a kan wutsiyar lokacin take, abin da suke kira late autumn, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Ina ganin ana rubuta "ƙarshen kaka". Ni da nake zaune a arewacin Ingila, duk sanda na karanta haka sai in ji maganar ba ta zauna ba.

2/ Kaka tana da hujjarta. Su kansu mutanen Ingila da kalmar girbi, harvest, suke kiran lokacin kafin su aro autumn daga Faransanci, Jamusawa kuma har yau Herbst suke cewa, tushensu ɗaya. A Satumba da farkon Oktoba ana tsinkar tuffa da inabi, ana haƙar dankali, kabewa ta cika kasuwa. Wannan kaka ce, babu ja.

3/ Amma kaka a bakin Bahaushe ba lissafin watanni ba ce kawai. Da an ambace ta sai ka ga dammunan gero a ƙofar gida, ka ji sussuka daga maƙwabta, ana roron wake, ana cirar gyaɗa. Lokacin da ake fitar da zakka ke nan, a biya bashin da aka ci da damina, a sa ranar aure, mahauta su fita dambe gari-gari, a yi kalankuwa. Shi ya sa muke cewa kakar tumatir, kakar zaɓe, kakar wasanni: duk inda abu ya yawaita har ya ishi kowa, kakarsa ta zo. Kalma ce mai ƙoshi. Ko ƙarshenta ma rumbu a cike yake, hankali a kwance.

4/ Nuwamba a nan Ingila kuwa raguwa ce zalla. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan duhu ya dinga cin rana. Zuwa ƙarshen Nuwamba, a garin da nake, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, tsakanin azahar da magariba bai fi awa 4 ba, kana idar da wannan sallar waccan ta gabato. Ganyen da ya yi ja da ruwan ɗorawa a Oktoba, saboda itace ya daina yin koren sinadarin da ke rufe sauran launuka, duk ya zube ya jiƙe yana ruɓewa a bakin titi. Ga yayyafin da ba ya yankewa. Ba mamaki da al'adun Turawa suka tara tunawa da mamata a wannan wata: 2 ga Nuwamba Katolika ke yi wa mamatansu addu'a, 11 ga wata kuma ake tuna waɗanda yaƙi ya ci, ranar da aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Mutanen Finlan ma marraskuu suke kiran watan, sunan da ke da nasaba da mutuwa.

Lokacin yana sa ni kewar gida fiye da kowane, kuma duk da haka ina son sa. Yana tilasta wa mutum komawa ɗaki da wuri, ya zauna da iyalinsa, ya yi lissafin shekararsa. Ina son kalmar da za ta ɗauki wannan nauyin, kaka kuwa ba za ta iya ba.

5/ Wani malamina ya ce a aro harif, sunan autumn da Larabci. Allah ya gafarta Malam, ai 'yan'uwanmu na Sudan za su ruɗe, domin a can damina ake kira da wannan suna.

6/ Yayata ta kawo "zubar ganye", kuma na daɗe ina juya shi. Yana da 'yan'uwa: fall, sunan da Amurkawa ke kiran autumn, daga faɗuwar ganye ya samo asali, Nuwamba kuma listopad ne a harshen Polan da na Cek, ma'anar ke nan. Sai dai Yaya, a ƙasarmu kuka da rani take kaɗe ganyenta, gawo kuma da damina yake zubar da nasa. Wanda bai taɓa fita Katsina ko Maraɗi ba, in ka ce masa zubar ganye, ƙura da fari zai hango, ba laima da duhu ba.

7/ Abin da na tsaya a kai shi ne goshin sanyi. Ginin namu ne tun asali: muna cewa goshin azumi, goshin magariba, wato abu bai iso ba amma ya yi kusa har an fara shiri da shiga taitayi. Haka lokacin yake, ana fito da barguna, ana kunna abin ɗumama ɗaki, ana share ganye daga magudanun ruwa. Ban ce goshin hunturu ba, duk da ana yawan fassara winter da hunturu, domin hunturu iskar hamada ce mai hazo da fasa leɓe. Ɗari ma busasshe ne. Na nan mai laima ne, sanyi ne sunansa.

Wani abin da ya ƙara kwantar mini da rai: Nuwamba a Kano ma gab da sanyi take, a daidai lokacin da tsuntsayen da suka gudo daga Turai ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru. Mai karatu ba sai an yi masa dogon bayani ba. A Ostiraliya kuwa, inda lokacin ke faɗowa a watan Mayu, sunan bai ɓaci ba tunda ba a ɗaure yake da wata ba.

8/ Ga yadda zan riƙa rubutawa: "Da kaka suka isa Jamus, goshin sanyi ya same su ba su da rigunan kirki." Ko a labarai: "Farashin gas yakan tashi a Turai da goshin sanyi." Mutanen Damagaram, Agadas da zangon Kumasi, in akwai inda kuka riga kuka ba wani lokaci dabam wannan suna, ku sanar da ni kafin ya shiga rubutu.