Raƙumana sun ci adlib, zawo ya kama su: wa ya taɓa gani?

Daga kusa da Sawakin:
Assalamu alaikum. Bana fari ya koro mu daga tudu, na gangaro da raƙuma 4 gaɓar Bahar Maliya a nan Sudan. Ba abin da ke kore a nan sai wani ɗan itace da 'yan ƙabilar Beja ke kira adlib, ganyensa ƙanana, sun ƙoshi da ruwa, in ka tauna gishiri zau. Kwana 2 da fara cinsa zawo ya kama su duka, baƙi, tsululu. Ko barci ba na yi.

Daga Tokar, Sudan:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ɗana. Haka yake yi wa raƙumin da bai saba da shi ba, nawa ma sun yi shekarar da na fara zuwa. Da yunwa ka sake su a kai. Ka fara ba su karan dawa ko busasshiyar ciyawa da safe, sannan su shiga adlib kaɗan-kaɗan. Kada ka yi musu rowar ruwan daɗi, gishiri ƙishirwa yake jawowa. In taguwa ta daina tuƙa ko idonta ya faɗa, nemi likitan dabbobi.

Daga Ngigmi, Nijar:
Mu a bakin Tafkin Chadi asawaki ne ke tsaya mana a ƙasa mai kanwa. Raƙuma na son ganyensa, har nonon kan sauya ɗanɗano. Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ƙona rassansa, ta tace tokar, ta dafa ruwan har ya ƙafe ya bar gishirin miya. Ina baƙin ciki ban koya a hannunta ba.

Daga ɗalibar aikin gona:
Baba na Tokar ya yi gaskiya. Sunan adlib a kimiyyance Suaeda monoica. Yakan tara gishirin da ya zuƙo a cikin ganyensa, ya tsarma shi da ruwa, shi ya sa ganyen ke da kauri. Wannan gishirin ne ke janyo ruwa cikin hanjin dabba.

Daga kusa da Sawakin:
Na gode, Baba. Na samo karan dawa, 3 sun fara warwarewa. Saura ƙaramar taguwar, gobe da asuba zan kai ta a duba.