Musayar Waƙa: Mai Neman Kujerar Ƙungiyar Ɗalibai, Ta Ina Zai Fara?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙannenmu a jami'o'i suna rige-rigen buga fosta tun kafin su san ko za su tsallake tantancewa. Na buɗe fage, mai ƙari ya ɗora.

Ɗalibi mai niyyar takara,
Da kundin ƙungiya za ka fara,
Can aka faɗi aji da shekara,
Da makin da dole sai ka tara,
In bai kai ba, zauna ka gyara.

Ɗan aji ɗaya, jira ka ƙara,
Mai kariyoba ya yi hattara,
Wurin tantancewa ake asara,
Kuɗin fom ya tafi, ba wurin kai ƙara.

'Yar Kongo:
Yaya, ga abin da fom ke buƙata:
Katin shaida na makaranta,
Rasit na rajista kar a manta,
Sakamakon zango da sashe ya rubuta,
Da masu tsaya maka, maza ko mata.

Ofishin harkokin ɗalibai zai yi bita,
Mai takardar gargaɗi, can za ta fita,
Satar amsa, ko kayan da ka ɓata,
Fayil ba ya barci, ba ya huta.

Kuma 'yan uwana mata, an saba tura mu kujerar mataimakiya kamar gado. Ku duba kundin da idonku kafin ku yarda cewa ita kaɗai ce taku.

Malam Na-Gwale:
Ƙanwata, an gama da fom, ga hanya:
Ƙuri'a na ɗakin kwana da tsangaya,
Da ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya,
Bi ɗaki-ɗaki kana tambaya,
Ruwa ne, wuta ce, ko motar tafiya?

Daren manufofi riƙe gaskiya,
“Zan rage kuɗin makaranta” ƙarya,
Hukuma ke yanka shi, kai dai tsaya
Kan famfo da bas da ɗakin jinya,
Alkawari uku, ka cika su gaba ɗaya.

Uwar Ɗaki:
Malam, ranar zaɓe wakili ke aiki,
Kowace rumfa a sa mutum a ciki,
Ya ga akwati fanko kafin a rufe baki,
Kar ya fita cin abinci, a kai masa ɗaki.

A ƙirga gabansa, kar ya yi sakaki,
Ya sa hannu, ya karɓi kwafi, haƙƙi,
In ta intanet ne, a nan ake mamaki:
Wanda ya ba da lambar sirri don sauƙi,
An jefa masa ƙuri'a yana kwance a ɗaki.

Mai ƙorafi ya rubuta nan take ya haɗa da kwafin nan. Wa'adin da kundi ke bayarwa gajere ne, in ya wuce ba mai sauraro.

Dattijon Tudun Wada:
'Ya'yana, kujerar nan tana da tarihi, kar a ɗauke ta wasa.

A 1978 aka yi ƙari,
Kobo 50 kan abinci, sai tari,
Ɗalibai suka fita cikin gari,
“Ali ya tafi”, wato Ahmadu Ali kwamishinan ilimi, suke ta kirari,
Legas da Zariya jini ya zuba, mu tuna da kyau tun fari.

Soja suka soke NUNS, ƙungiyar ɗaliban ƙasa, da gaggawa,
A 1980 NANS ta zo maye gurbin kuwa,
Mayun 1986 Samaru, harabar Jami'ar Ahmadu Bello, ta sha kuka da kewa,
Harsashi ya shiga har wurin kwanciyar 'yan uwa,
Mai kiran zanga-zanga ya fara aunawa.

Aunawar ita ce: takarda ga hukuma tukuna, sai zama a teburi, sai wa'adi a rubuce. In har za a fita, a fayyace hanya da lokacin tashi, a sa masu tsare layi, don ɓata-gari daga waje ne ke fara fasa gilashi, sai a rufe makaranta a ɗora wa kowa tara, a naɗa kwamitin riƙo.

Ɗan Samaru:
Baba, ka zo kan abin da ke ci mini rai,
Ɗan siyasa mai buga maka fosta kyauta wai,
Bashi ne, ranar biya ba ka da kai,
Zai ce kawo yara gangami, sai ka kai,
Ka sayar da ajinku kan kuɗin shayi da mai.

'Yar Kongo:
Yaya, gudun siyasa ba shi ne magani ba,
Shiga ta ƙofa, ba ta aljihun wani ba,
Katin zaɓe a 18, ba sai ka gama ba,
Rajistar jam'iyya a mazaɓa, ba Abuja ba.

Dokar rage shekarun takara ta 2018 ba ta bar ku a baya ba,
Majalisar jiha da ta wakilai, 25 ce, ba 30 ba,
Amma ba a zuwa can da littafin kuɗi ba a rufe ba.

Uwar Ɗaki:
Wannan layin na ƙarshe nake so a tsaya a kai. Kuɗin ƙungiya daga aljihun ɗalibai yake fitowa wurin rajista.

Kasafi ya je majalisar ɗalibai a amince,
Hannu biyu kan takardar banki, a tabbatar an kiyaye,
Kowane rasit a manna shi a ajiye,
Ƙarshen zango a liƙa lissafi a allo a karance,
Ranar miƙa mulki fayil da makulli su zo a shirye.

Malam Na-Gwale, saura batun raba ɗakunan kwana, wanda a nan ne sababbin shugabanni suka fi faɗawa son kai. Fagen naka ne.